'Yan Ruwan Ma'aruf

"Wallahi Baba ba tsafi yake yi ba!"

Zulfa ta faɗa tana durƙushe a tsakar gida, hawaye shaɓe-shaɓe. Mahaifinta Malam Zailani ko kallonta bai yi ba. Rikoda ce a gabansa, da buhun goro da alewar sa-ranarta da ya sa aka fito da su.

"Sagir, sake kunna mata ta ji da kunnenta."

Sagir ɗan ƙanwar Malam ne, ya daɗe yana son Zulfa tana yi masa kunnen uwar shegu. Shi ya lallaɓa ya ɗauko kaset ɗin da saurayinta Ma'aruf ya aiko mata daga bakin Bahar Maliya, inda yake aiki shekara biyu ke nan. Jiki na rawa ya danna.

"Zulfata, hasken idona..." muryar Ma'aruf ta cika gidan, Zulfa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. "Kullum ina cikin kogo da 'yan ruwa. Tare muke nutsewa, tare muke cin abinci. Ba su da wani aboki kamata..."

"Innalillahi!" Iya Maiturare, kakar Zulfa, ta dafe ƙirji. "Aljanun ruwa? Har da cin abinci?"

Sagir ya miƙa hoton Ma'aruf. "Kawu, dubi nan. Ido ƙato kamar na kwaɗo, ƙaho guda a gefen kai, ƙafafu irin na agwagwa. Ai sun riga sun mayar da shi nasu."

"Yaya Sagir, ka ji tsoron Allah!" in ji Zulfa.

"Ya isa," Malam ya ce. "Ana Shari'a, ni ina wa'azi a kan shirka, sannan in aurar da 'yata ga abokin aljanu? Juma'a za a mayar musu da kayansu."

Haka Zulfa ta yi kwana uku ko kunun kirki ba ta sha. Son Ma'aruf take, so na gaske, tun suna makarantar Islamiyya. Ta ari wayar maƙwabta ta kira yayarsa a Mai'adua, sai ga albishir: ashe Ma'aruf ya sauka Kano tun jiya, ya zo hutu da shirin biki!

Ranar Alhamis da hantsi ya yi sallama, da jaka a kafaɗa. Iya tana jin muryarsa ta fara tofa addu'a hagu da dama. Zulfa kuwa tana bayan labule tana leƙe.

Ya durƙusa ya gaida Malam. Da aka kunna masa kaset ɗin, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Dariya yake dannewa, bawan Allah.

"Allah ya gafarta Malam, laifin bakina ne. Abokan aikina nake wa laƙabi da 'yan ruwa, don ba sa gajiya da iyo. Ɗaya Bashir sunansa, shi ke mana limanci ma."

"To kogon fa?"

"Duwatsu ne a gaɓar teku, ruwa ya ƙwaƙule cikinsu. Baƙi masu yawon buɗe ido muke ɗauka a wasu siraran kwale-kwale na roba, kowa da filafilinsa, mu shiga da su. In an isa sai a kifa fuska a ruwa a kalli kifaye, ja da shuɗi da rawaya. Ikon Allah kawai ake kallo, Malam."

"Ƙarya ne!" Sagir ya yi tsalle ya dire. "Wane ɗan Adam ne zai yi numfashi fuskarsa a cikin ruwa?"

Malam ya gyaɗa kai. "Nan kam Sagir ya yi tambaya."

Ma'aruf ya zuge jaka, ya fito da gilashin fuska da ɗan lanƙwasasshen bututu. "Ga idon kwaɗon, ga ƙahon. A taimaka mini da baho cike da ruwa. Yaya Sagir, bismillah, kai za ka gwada."

Sagir ya ja da baya har yana tuntuɓe da buta. "Ni? Mura nake yi!"

"Kai, tafi can, matsoraci!" Iya ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. "Kawo nan, angona. Ni na riga na ci zamanina, in sun ɗauke ni sun ɗauki wahala."

Zulfa ta fito da gudu ta ciko baho. Ma'aruf ya ɗaura wa Iya gilashin a kan ɗankwali, ya sa mata bututun a baki. Tsohuwa ta yi bismillah ta kifa fuska tsulum.

Shiru.

Sai fuu... fuu... ta saman bututun.

Minti ɗaya ya wuce. Biyu. Malam ya miƙe tsaye.

"Iya! Iya, ɗago haka nan!"

Ta ɗaga masa hannu alamar ya ƙyale ta. Sai da ta ga dama ta ɗago, ruwa na zuba ta haɓarta, ta tofar da bututun.

"Babu aljani ko ɗaya. Amma ke Zulfa, ashe haka kike wanke baho? Duk dauɗa a gindinsa!"

Gidan ya kaure da dariya, har Malam sai da ya rufe baki da gefen rawani. Da aka waiga neman Sagir, sai ƙarar babur ɗinsa aka ji a waje.

Malam ya daɗe yana juya bututun a hannu. Can ya dubi Ma'aruf.

"Na zarge ka da abu mai girma ban bincika ba. Ka yafe mini, ɗana."

"Haba Malam, wallahi babu komai."

"Rana tana nan yadda aka sa ta."

Iya ta rangaɗa guɗa da gilashin a goshi. Zulfa ta ruga zaure ta rufe fuska da mayafi, kuka da dariya suka haɗe mata. A nan Ma'aruf ya same ta zai fita, ya tsaya nesa kaɗan.

"Zulfata, kin rame."

"Kai ka jawo, da shegen bakinka!"

"Na tuba. Akwai wani kogo da rana ke shiga ta samansa, ruwan ya koma kore shar. Ban taɓa kai baƙo ko ɗaya ciki ba. Ke nake jira."

Ta leƙo da ido ɗaya ta gefen mayafi.

"Ni fa ko rafi ban taɓa shiga ba, Ma'aruf..."

"Za ki shiga?"

"In kana riƙe da hannuna, har ƙasan tekun ma."