Mutumin da Ke Barci a Kan Benci

"Danna nan kawai, Zumata... ki danna kowa ya huta."

Injiniya ya turo kwamfutarsa gabana, a kan teburin da nake haɗa fenti. Tambaya ɗaya ce a allon: ko na tabbata ina son goge bulog ɗina?

Na zuba wa hannuwana ido, shuɗin fenti duk ya cika min farce.

"Na gaji," na ce.

"Ai shi ya sa nake cewa ki danna!"

Ba injiniyan gada ba ne ko na mota, shafukan yanar gizo yake gina wa kamfanoni. Ni na laƙaba masa sunan, ya kuwa bi shi. Aurenmu ya ƙarato. Ni kuma zane ne sana'ata, a garejin gidanmu nake aiki, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba aka sayar da motar.

Duk zanen da na gama sai na ɗauki hotonsa na ɗora a bulog, na rubuta a ƙasa yadda aka yi ya zo min: wa na gani, a ina, me ke cina a rai ranar. Sabo ya hau sama, tsoho ya gangara ƙasa. Ba shi da tsari, na yarda. Garejin ma haka yake.

'Yar kawun Injiniya ce ta ɓallo ruwan. Ƙyalƙyali muke ce mata, don ba ta sa kaya sai masu kashe ido, kuma ta daɗe da ƙyalla nata idon a kansa. Baiwar Allah ta zauna ta tsefe rubutuna kaf, har ta tsinto inda na ce: "Yau na yi wa Baba wanka, na shiga banɗaki na sha kuka, na gaji da kowa har da kaina." Ta kai wa Mama, mahaifiyarsa, da zafinsa.

Mama ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, yarinyar da ta shanya sirrin gidan ubanta a bakin titi ba za ta rufa na gidan wasu ba. Ko bulog, ko aure.

A makon ne kuma wata mai ɗakin baje kolin zane ta nemi in tura mata adireshin da za ta ga ayyukana. Faɗuwa ta zo wa Injiniya daidai da zama. Ya duƙufa ya gina min shafi na kaina, yau kuma ya kawo shi tare da sharaɗin Mama.

"Saurare ni, hasken raina," ya ce, ya sassauta murya. "Matar nan ba ta da lokacin karanta labari. Tana buɗe shafin za ta ga zanenki mafi kyau, da girmansa, da lambar wayarki. A bulog kuwa sai ta bi ta kan ciwon kanki da ɗaukewar wuta kafin ta iso kan zane!"

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

"Mu ga shafin tukuna," na ce.

Fuskarsa ta washe. Ya buɗe.

Wallahi ya yi kyau. Fari tas, babu kwanan wata, babu surutu, zanukana a jere kamar 'yan makaranta ranar duba tsafta. Har na ji zuciyata ta fara saukowa. Ina son mutumin nan, kuma na gaji da jayayya. Mene ne bulog da zan rasa miji a kansa?

Sai ya koma saman shafin, inda ya ajiye zanen da ya zaɓa ya zama na farko.

Wani mutum ne kwance a kan benci a barandar asibiti, ya ba mu baya. Takalmi ɗaya ya zame masa, ledar magani na saƙale a yatsunsa, barci ya kwashe shi bai sake ta ba. A ƙasa an rubuta: "Wani Mai Jinya. Na sayarwa ne."

Na nuna rubutun da yatsa.

"Wa ya raɗa masa wannan sunan?"

"Ni mana. Ai ba ki sa musu suna ba."

"Na sa. Yana cikin rubutun da ke ƙasan kowanne."

Ya yi 'yar dariya. "Haba, Zumata! Wa zai iya bin duk wancan rubutun? Hotunan kawai na kwaso."

"Ko ɗaya ba ka karanta ba?"

"Na karanta wanda Mama ta nuna min..."

"Shi kaɗai?"

Ya sosa ƙeya. "Kin san yanayin aikina."

Na daɗe ina kallonsa. Ƙyalƙyali, da ba ta ƙaunata ko kaɗan, ta karanta ni daga sama har ƙasa. Masoyina kuwa guda ɗaya ya karanta, shi ma sai da aka dangwara masa a gabansa.

"Injiniya, dubi rigar mutumin nan."

Ya matso da fuskarsa kusa da allon.

"Dubi ƙeyarsa. Dubi agogon."

Murmushinsa ya fara dusashewa.

"Kai ne," na ce. "Makon da Baba ya faɗi. Ka zaga kantunan magani har ƙafarka ta kumbura, ka ce bari ka ɗan kishingiɗa. Na tsaya a kanka na zana ka a bayan kwalin sirinji, daga baya na mayar da shi babba. A ranar na san kai zan aura."

"Ni...?"

"Kai. Ga shi ka sa kanka a kasuwa."

Na jira. Allah ya sani, da cewa ya yi "ba ni in karanta", da na yafe masa komai a wurin, har da Mama da sharaɗinta.

Sai ya jawo kwamfutar da sauri.

"Ƙaramin abu ne, yanzu zan gyara! In cire 'na sayarwa', in sauya sunan, shi ke nan. Sai ki danna wancan ɗin mu wuce wurin."

Ban ji haushi ba ma. Wata irin gajiya ce ta sauko min, har buroshin da ke gabana na ji ba zan iya ɗagawa ba.

Na ɗauki wayata, na tura wa mai ɗakin baje kolin adireshin bulog ɗina, da ciwon kan da ɗaukewar wutar da komai. Na juya masa allon ya gani.

"Me kika yi haka?! Kin san Mama ba za ta taɓa yarda ba!"

"Na sani."

"To auren fa?"

"Ka ce mata ta kwantar da hankalinta, sirrin gidanku ya tsira. Babu auren."

"Zumata, don Allah..."

"Shafin ya yi kyau, na gode. Ka iya aikinka."

Ya daɗe a tsaye, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Nawa ma sun cika, na bar su suka zubo, don ko gogewa ba ni da ƙarfin yi. Ya rufe kwamfutar, ya naɗe wayar caji a hankali, ya rataya jakarsa. Sai da ya kai ƙofar garejin ya juyo.

"Me kika rubuta a ƙasan zanen?"

"Yana nan a buɗe, Injiniya," na ce. "Duniya duk ta karanta. Kai kaɗai ka rage."