Ruwan da Barista Ya Ƙi Sha

Da hantsi aka kira ofishin 'yan sanda, aka ce an ga gawa a kududdufin kamfanin jimar fata da ke bayan Tudun Gamji.

Kafin Sufeto Ikrima ya iso an fito da ita. Barista Zaharaddini ne, lauyan kamfanin, ɗan asalin ƙauyen. Akwai rauni a ƙeyarsa. Fatar fuskarsa da ta hannuwansa ta saɓule ta yi jajir, aikin ruwan kududdufin ne, wani koren ruwa mai warin da ke hawa ka. A aljihunsa an sami 'yar kwalba mai murfi, babu komai a ciki.

Manajan kamfanin, Alhaji Abdulkabir, yana tsaye can nesa cikin babbar riga. Sufeto ya miƙa masa hannu, shi kuwa sai ya dafa ƙirji ta cikin riga ya ɗan rusuna.

"Alhaji, yaushe rabonka da shi?"

"Tun Juma'a. Jiya ba ma aiki, ina Kano."

"Kun sami saɓani?"

"Ni da Barista? Haba! Ai ɗana ne. Ka nemi yayansa Sama'ilu, wanda ya mare shi a gaban jama'a."

"Wannan ruwan fa, ba ya cutarwa?"

"Wari ne kawai. Ni ko kusa da shi ba na zuwa."

Ba a ma jira Sufeto ba. Kafin ya koma ofis an ɗauko Sama'ilu daga gona an rufe shi. Haka abin yake: Alhaji ya nuna da baki, manomi ya kwana a bayan kanta. Idan ba a sami wani ba, shi za a kai kotu da laifin kashe ƙaninsa.

Sufeto ya sa aka fito da shi.

"Ka mare shi?"

"Na mare shi, yallaɓai."

"Me ya yi maka?"

Sama'ilu ya yi ƙwafa. "Ya zo gidana. 'Yata Aina'u, da ma ba lafiya gare ta ba, ta lallaɓa ta ɗebo masa ruwa a kwanon sha, ta durƙusa. Ya ƙi karɓa. Yarinya ta ji kunya ta kai bakinta za ta sha, ya kaɓar da kwanon ƙasa. A gaban baƙina! Rijiyar da Babanmu ya haƙa, da ruwanta aka yi masa wanka yana jariri. Na ce ya faɗi dalili, ya ce aikinsa bai ba shi damar magana ba. Wane irin aiki ne wannan?"

"Jiya da yamma kana ina?"

"Ina gida."

Ƙarya ce, kuma Sufeto ya gano ta tun kafin la'asar. Sama'ilu yana Tsanyawa wajen mai magani yana nemar wa Aina'u taimako, ya ɓoye ne don limamin garinsu ya hana zuwa wurin mutumin. Amma mai maganin ya rantse bai san shi ba, don haka ba a saki Sama'ilu ba.

Washegari aka binne Zaharaddini bayan likita ya gama dubawa. Sahun jana'izar abin kunya ne. Mutanen da suka yi ta tura masa 'ya'yansu neman aiki, ranar nan duk gona ta riƙe su.

Sufeto ya wuce wajen mahaifiyar mamacin, Inna Barira. A ƙofar ɗakinta akwai jarkoki jere, duk babu komai a ciki sai ɗaya.

"Inna, waɗannan fa?"

"Marigayi ne ke kawo min ruwa daga birni, ɗan nan. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan ƙara shan na rijiya ba. Ya kai wa Sama'ilu ma, aka maido masa. Ya roƙi mai unguwa a riƙa ɗebo ruwa a Ɗambatta, aka yi masa dariya, wai boko ya hau masa kai."

"Akwai masu ciwo a garin?"

"Kowane gida. Yara ciki, manya ƙaiƙayi. Awaki ma sai ɓari suke yi. Mun ɗauka shekara ce ta zo da haka."

Sufeto ya tuna da kwalbar nan. Ya tsaya a bakin rijiyar tsakar gida ya leƙa, yana tunanin koren ruwan kududdufin.

Lamba ta ƙarshe da mamacin ya kira ta wata babbar lauya ce a Kano, Barista Muhsina, wadda ya yi aiki a ƙarƙashinta kafin kamfani ya ɗauke shi. Sufeto ya same ta a ofis.

"Ranki ya daɗe, me ya gaya miki?"

"Bai kama suna ba, yaro ne mai riƙe amanar aiki. Cewa ya yi in lauyan kamfani ya ga abin da ke cutar da mutane, manaja kuma ya ce ya rufe baki, yaya zai yi?"

"Kika ce masa me?"

"Abin da muke koya wa kowa. Kamfani ne ya ɗauke ka, ba manaja ba. Ka fara gaya wa manaja. In ya ƙi ji, ka haura wajen daraktoci. In su ma sun ƙi, ka ajiye aikin, ka tafi hukumar muhalli. Na ce kada ya je da baki kawai, ya riƙe shaida a hannu." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ya ce manajan ya daɗe yana ja masa rai, shi kuma ya gaya masa a taron daraktoci mai zuwa zai tashi ya yi magana. Sai ya tambaye ni, kafin ya gama hawa matakan nan, mutanen da ke sha fa? Ban ba shi amsa mai kyau ba, Sufeto."

Ashe ɗan da Alhaji ke kira nasa ya ja masa layi. Sai dai saɓani ba kisa ba ne, kuma Sufeto ya san lauyoyin da Alhaji zai kwaso ba irin Zaharaddini ba ne.

Ranar sadakar uku ya kira manajan, ya ce ya kamata kamfani ya je ta'aziyya, za su tafi tare. Ya sa Kofur Basiru ya taho da Sama'ilu da ankwa a hannu.

Aka shimfiɗa wa Alhaji darduma a zaure. Ya yi addu'a doguwa, har da share ido. Inna Barira da kanta ta fito da kwanon sha, kamar yadda Sufeto ya roƙe ta, ta ajiye a gabansa.

"Ga ruwa, Alhaji. Na rijiyar gidan nan ne, da sanyinsa."

"Alhamdu lillahi, Inna, na ƙoshi."

"A'a, Alhaji," in ji Sufeto. "A gidan makoki a mayar wa tsohuwa da ruwa? Ko kurɓa ɗaya."

"Azumi nake yi."

"Goron da ka ci a mota fa?"

Sama'ilu ya ƙura wa kwanon ido.

Ana cikin haka aka kira azahar. Kofur Basiru ya tura wa Alhaji buta.

"Ina da alwala."

"Ka zaga bayan gida da muka iso, a gabana," Sufeto ya ce. "Naɗe hannun rigarka."

Ya naɗe, don babu wata hanya. Daga yatsu har gwiwar hannu fatar ta saɓule ta yi ja, an shafe ta da man ƙuna.

"Kai da ba ka kusantar kududdufi. Likita yana nan, zai gaya mana ko irin na fuskar Barista ne."

Alhaji Abdulkabir ya zauna daɓas.

"Na same shi zai ɗebi ruwan a kwalba," ya ce da ƙyar. "Na roƙe shi. Injin tace ruwan ya daɗe da lalacewa, ni kuwa ina gaya wa daraktoci yana aiki. Na ce ya tuna ni na kawo shi kamfanin nan. Ya ce shi lauyan kamfani ne, ba nawa ba, kuma 'yar yayansa tana kwance. Ya juya min baya. Na ɗauki ƙarfe... Da ya faɗa ciki ya yunƙuro, sai na danne shi."

Kofur Basiru ya cire ankwar daga hannun Sama'ilu ya maƙala wa Alhaji. Da aka fito da shi, mutanen da suka ƙi zuwa jana'iza su ne a gaba wajen tsinuwa. Sufeto ya ji kamar ya haɗa da su a motar.

Sama'ilu bai tashi ba. Tafin hannunsa na dama yake kallo.

"Ina kabarin yake?" ya tambaya. Sai da aka nemo mai haƙa kafin a nuna masa.

Sufeto zai shiga mota Inna Barira ta biyo shi, tana jan jarkar nan ɗaya da ta rage. Ta girgiza ta, ruwan bai kai rabi ba.

"Ɗan nan, wannan ce ta ƙarshe da ya kawo. Aina'u nake ba wa. In ta ƙare, me za mu sha?"

Sufeto Ikrima ya ce zai kai rahoto sama. Shi kansa da ya ji maganar a bakinsa sai da ya sunkuyar da kai.