Kafin a Yaye wa Peni Tabarma

"Uelese, ka fita ka yaye musu tabarmar nan! So kake duk layin nan su fito kallonmu?"

Muryar Goggo Fuatino ce ta tashi Sieni daga barci. Ta zauna a bakin gado. Hutun kwana biyu kacal aka ba ta daga cibiyar jinya. Jiya ta iso gidan mahaifinta a Logan, can ƙasar Ostareliya, gobe Lahadi da yamma za a mayar da ita.

"Yaya, ki rage murya," in ji Uelese, mahaifin nata. "Yarinyar nan barci take."

"Yarinya? Matar aure kake kira yarinya?"

Sieni ta ɗaga labule kaɗan. A kan ciyawar ƙofar gida mutum biyu ne zaune sun tanƙwashe ƙafa, kai a sunkuye, kowanne an lulluɓe shi da lallausar tabarma tun daga kansa. Ba ta ga fuska ba, amma ta ga ƙafa ɗaya da ta leƙo, mai tabon ƙuna a idon sawu. Ko cikin mutum dubu za ta gane ƙafar nan. Peni ne, mijinta!

Ifoga suka zo yi, shi da kawunsa, babban danginsu. Haka mutanen Samoa suke neman gafara in laifi ya yi girma. Ba za su ci ba, ba za su sha ba, ba za su motsa ba, sai maigida ya fito da kansa ya yaye tabarmar. In ya yaye, an yafe ke nan.

Laifin kuwa ya yi girma. Wata huɗu da suka wuce Sieni ta faɗi a banɗaki, leɓunanta sun yi baƙi, numfashinta na ɗaukewa. Peni ya kira motar asibiti, sannan tsoron 'yan sanda ya sa ya tsallake katanga ya bar ta kwance. Ƙwayoyin kashe zafin ciwo ne suka jawo. Shi aka fara rubuta wa lokacin da ya ji ciwon baya a mayankar da yake aiki. Bayan ya warke, ƙwayar ta ƙi sakinsa. Wata rana ya miƙa mata guda biyu ya ce, "Sha, zuciyata, damuwar nan za ta tafi." Ta sha. Ba ta taɓa sanin yadda ake ce wa mutum a'a ba.

Ta fito kicin. Baba na zaune da kofin koko a gabansa, ya huce bai sha ba. Ƙaton mutum, direban babbar mota, amma yau duk ya yi laushi.

"Baba..." ta ce. "Me zan yi?"

Ya buɗe baki. Ta ga amsar ta zo har kan leɓensa. Sai ya haɗiye ta, ya ƙanƙame kofin.

"Ke me kike so, 'yata?"

"Ban sani ba! Ka faɗa min kawai... duk abin da ka ce shi zan yi."

"Na sani," ya ce a hankali. "Abin da nake tsoro ke nan."

Goggo ta buga tukunyar gwaza a kan murhu. "Kun fara ko? Wannan karatun likitar nan ne! Ita ta haife ta? Mu da muka tashi a tsibirin Savai'i, can Samoa, wa ya taɓa tambayarmu me muke so? Uba ya yi magana, a tashi a yi. Ga mu nan, mun mutu?"

"Ita ta kusa mutuwa, Yaya."

Goggo ta koma kan tukunyarta.

Likita Narelle ce ta gaya musu, ranar da aka tara iyalai a cibiyar. Ta ce ciwo biyu ne a jikin Sieni. Ɗaya ƙwaya. Ɗayan kuma tun kafin ƙwayar yake: ba ta iya tsayawa sai ta jingina da wani, kuma tsoron kada a bar ta ita kaɗai ya fi mata tsoron mutuwa. "In muka raba ta da ƙwaya muka bar mata wancan," in ji likitar, "duk wanda ya miƙo mata abu gobe za ta karɓa, don kada ya yi fushi ya tafi." Shi ya sa ake maganin biyun tare. Da safe a ba ta maganin da ke kashe kwaɗayin ƙwayar, da rana a zaunar da ita a koya mata abin da yara ma suka iya: ta zaɓi rigar da za ta sa, ta hau bas ita kaɗai, ta ce "ban yarda ba" a gaban mutane ba tare da ta fashe da kuka ba. Baba kuma aka roƙe shi abu ɗaya. Ya daina yanke mata hukunci.

Ƙarfe tara rana ta fara dukan ciyawar, irin zafin da ake yi a ƙasar a watan Janairu, mai narka kwalta. Mutanen biyu ba su motsa ba.

"Ga Baturen maƙwabcin naka can ya fito da mesar ruwa," in ji Goggo daga bakin taga. "Wai ban-ruwa yake. Tun ɗazu bishiya ɗaya yake ba wa, ta kusa nutsewa! Uelese, dattijon nan, kawun Peni, ciwon sukari gare shi. In ya faɗi a ƙofar gidanka da wane ido za ka shiga coci gobe?"

Goggo ta wuce ɗakin Sieni, aka fara jin ƙarar buɗe durowa.

"Me take yi?" Sieni ta tambaya.

"Kayanki take haɗawa. A wurinta in an yaye tabarma, mata ta koma ɗakin mijinta."

Wani ɓangare na zuciyar Sieni ya yi tsalle don murna, kuma wannan murnar ce ta fi ba ta tsoro. Ta tuna ƙamshin wuyan Peni, da yadda yake rera mata waƙa in yana wanke kwanuka, da yadda ya yi kuka ranar aurensu har abokansa suka riƙa tsokanarsa. Tana son sa. Wata huɗu na jinya ba su rage ko ƙwayar zarra ba. Ta kuma tuna aljihun motarsa, da abin da yake ajiyewa a ciki. Yawu ya taru a bakinta.

Ta durƙusa ta riƙe gwiwar mahaifinta. "Baba, don Allah... sau ɗaya kawai. Ka ce in zauna, in zauna."

"Za ki zauna," ya ce. "Ran da na tafi Cairns da kaya, ya zo ya ce ki biyo shi, za ki bi shi. Sieni, ni na shiga ɗakin nan na asibiti. Na ga robar da aka zura miki a baki. Tun ranar in wayata ta yi ƙara a hanya sai in faka mota, hannuna ya kasa ɗauka." Ya share fuska da tafin hannu. "Tun da mahaifiyarki ta rasu ni nake zaɓa miki komai, har takalmi. Na zata so ne. Ban yi dogon karatu ba, 'yata, ban san ina karya miki ƙafa ba."

"To in na zaɓa ba daidai ba fa? Za ka rabu da ni?"

"Ko me kika zaɓa ni ne ubanki. Amma ba zan zaɓa ba."

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta miƙe ta buɗe ƙofa.

Zafin ya mare ta. Ta taka ciyawar ba takalmi har gaban tabarmar. Tana jin numfashinsa daga ciki.

"Peni."

Tabarmar ta girgiza. "Sieni? Zuciyata... ke ce? Wayyo Allah, muryarki!" Kuka yake. "Na gudu na bar ki. Ni ba mutum ba ne. Kullum sai na gan ki kwance a wurin nan..."

"Yaushe rabonka da sha?"

"Na daina, rabin raina! Wata guda cur."

A da nan za ta tsaya, ta yarda, don kada ransa ya ɓaci. Ta dunƙule hannu har farce ya shige mata. Ta yi shiru. Ta tsaya tana jiran gaskiya.

"Shekaranjiya," ya ce da ƙyar. "Amma guda ɗaya ce... in kina kusa da ni zan daina. Ba zan iya ba sai da ke."

Ta waiwaya. Baba na tsaye a bakin ƙofa, ya riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu kamar mai jin jiri.

"Baba," ta ce, "ka yaye musu. Na yafe masa."

Ta ga tsoro ya gilma a idon mahaifinta. Ya sauko, ya fara da dattijon, ya kama hannunsa ya ɗaga shi, sannan ya yaye ta Peni.

Da ƙyar ta gane shi. Ya rame, ƙasusuwan kumatunsa sun fito, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Amma idanun nan nasa ne, waɗanda suka hana ta barci tun tana 'yar mawaƙan coci.

Dattijon ya fara jawabin godiya da dasasshiyar murya. Goggo ta fito da gudu, jakar Sieni a hannu ɗaya, jug ɗin ruwan sanyi a ɗaya. "An gode Allah! Ku shigo, ku shigo, gwaza ta nuna. Kai kuma ja'iri, ka sake ka kuma, ni da kaina zan karya maka sauran bayan!"

Peni bai dubi ruwan ba. Ya miƙo wa Sieni hannu.

"Zo mu tafi gida, amaryata."

Ƙafarta ta ɗaga da kanta. Taku ɗaya... biyu. Ta ji wani sauti ya fito daga maƙogwaron Baba, amma bai kira ta ba. Ba wanda zai tare ta. Yatsun Peni suka taɓa nata, masu ɗumi.

"A'a."

Kalmar ta fito ƙarama, kamar ta yaro. Ta sake faɗa.

"A'a, Peni. Ba zan bi ka ba."

"Ke!" in ji Goggo. "An fa yaye tabarma!"

"Na yafe, Goggo. Ban ce zan koma ba."

Peni ya zube a gwiwa. "Sieni, kada ki yi min haka! In kika bar ni mutuwa zan yi... kin san mutuwa zan yi!"

In da gaske yake fa? In aka kira ta gobe aka ce an tsince shi? Hawaye suka rufe mata ido, haƙoranta na haɗuwa duk da zafin ranar.

"In na bi ka, mu biyu za mu mutu," ta ce. "Akwai cibiyar maza a Ipswich. Likita Narelle ta ce suna karɓa ran Litinin. Kawu zai kai ka."

"Ba zan iya ba in babu ke..."

"Ni ma haka na zata, masoyina. Wata huɗu ke nan ban mutu ba."

"Za ki jira ni?"

Ta so ta ce e, har abada, duk abin da zai sa ya daina kallonta haka. Ta ce, "Ina son ka. Wannan kawai na sani yau."

Dattijon ya dube ta na ɗan lokaci, ya dubi ɗan 'yar'uwarsa. Ya karɓi ruwan ya sha, ya miƙa wa Uelese tabarmin biyu kamar yadda al'ada ta ce, sannan ya kama kafaɗar Peni. "Tashi, yaro. Matarka ta fi ka hankali."

Motar ta ja. Peni ya manna fuska a gilashi yana kiran sunanta. Sieni ta ƙanƙame ƙarfen get da hannu biyu don kada ƙafafunta su bi shi, har motar ta sha kwana.

Da ta juyo, sai ta ga Baba zaune daɓas a kan ciyawa, tabarmin a cinyarsa, kafaɗunsa na jijjiga. Ko a jana'izar mahaifiyarta ba ta ga kukansa ba. Goggo na tsaye da jaka.

Sieni ta karɓi jakar daga hannunta.

"Baba, ɗauko makullin mota."

Ya ɗago da jajayen idanu. "Ina za mu?"

"Cibiya. In na kwana a gidan nan zan kira shi, na san kaina." Ba ta sauke ido ba. "Yau za ka mayar da ni, ba sai gobe ba."