Ba a Yi Wa Magani Godiya

Ku matso, ba zan ɗaga murya ba. Wanda ya san zai jiƙa tabarma ya tashi tun yanzu, kada gobe a ce ni ce.

Wata shekara ruwa ya yi jinkiri, rumbuna suka ƙare tun gero bai fitar da kai ba. A lokacin akwai wata mata a garin nan, sunanta Hajo. Mijinta ya tafi cin rani, shiru. 'Yarta ɗaya tal, Kuluwa, mai shekara huɗu. Da ganyen daji take riƙe da ita. Yau tafasa, gobe yaɗiya, jibi a kwaɗa rama in an samu ɗan ƙuli.

Sai yarinya ta kwanta. Jiki zafi rau, ƙafafu suka kumbura. An dafa sabara, an jiƙa sassaƙen marke, ba wani sauƙi. Hajo ta tafi wurin Inna Marka, tsohuwar da ta san itatuwa, wadda ciwon ƙafa ya riga ya zaunar.

"Saiwar sanya za ki samo," in ji Inna Marka. "Uwar magunguna. Ta kusa duk an tone, sai bayan fadama. Ki nemi 'yar rakiya. Kuma kin dai san ba a yi wa magani godiya. Ko ni kada ki yi mini, karyewa yake yi."

Wa zai raka ta, kowa yana fama da cikinsa? Ta ɗauki fartanya da ƙwarya, ta tafi ita kaɗai.

Tun hantsi take nema har rana ta take tsaka. Ba sanya, ba alamarta. Can ta lura dajin ya yi tsit. Tsuntsu ba ya kuka. Ganye ba ya motsi.

"Sannu da nema, 'yar nan."

Wata tsohuwa ce zaune a gindin suri, tana tsinkar tafasa. A gabanta take, amma muryar daga bayan kunnen Hajo ta fito.

"Yauwa, sannu Iya."

"Jikin Kuluwa ne?"

Hajo ta ja da baya. Ba ta ambaci sunan kowa ba.

"Biyo ni," in ji tsohuwar.

Da ta miƙe ta wuce gaba, Hajo ta kalli ƙasa. Dugaduganta ne ke gaba. Yatsun ƙafarta kuwa baya suke kallo, wato Hajo suke kallo. Ta nemi addu'a a bakinta, ta rasa. Tsoro ya ce ta zura da gudu. Ta tuna yadda ta bar yarinya tana numfashi sama-sama, sai ta bi.

Ba su yi nisa ba tsohuwar ta durƙusa gindin wani ɗan itace. Ƙasar nan tauri kamar daɓe, amma da hannu ta tona. Ta zaro saiwa mai ƙamshi mai hawa ka, ta ɗora a ƙwaryar Hajo.

"Ki daka, ki jiƙa, ki yi mata wanka sau uku."

Sai ta tsaya. Tana jira.

Kun dai san wanda aka haifa a gidan mutunci, "na gode" ba sai ya yi tunani ba. Kalmar ta riga ta zo kan harshen Hajo. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

"Ba a koya miki ladabi a gidanku ba?"

"Iya, magani ne."

"Na san magani ne. Ni na tona. Faɗi."

Hajo ta durƙusa, hawaye na zuba, ta girgiza kai. Dariya ta tashi a bayan kunnuwanta biyu.

"To, riƙe abarki. Amma ki sani tawa ce. Duk ranar da ta fita daga bakinki, ko wa kika yi wa, ni zan amsa. Ranar kuma magani ya karye."

Da Hajo ta ɗaga kai, ba kowa, sai ramin da aka tona.

A wanka na uku Kuluwa ta buɗe ido ta ce kunu take so.

Daga ranar Hajo ba ta ƙara yi wa ɗan Adam godiya ba. Ko "madalla" ba ta yarda ta ce, ko "Allah ya saka", don ba ta san inda iyakar godiya take ba. A kawo mata tuwon suna, ta karɓa ta yi shiru. A taya ta sauke tulu, ta wuce. Aka sa mata Hajo butulu. Mata suka daina aika mata komai. Abin yana cin ta ƙwarai, amma kullum ta ga Kuluwa tana girma sai ta haɗiye.

Da tsufa ya kayar da ita, shekara uku Kuluwa tana jinyarta. Ita ke wanke ta, ita ke juya ta, ita ke ba ta abinci a baki. Wata rana da safe gajiya ta yi wa Kuluwa yawa, ta dire kwano.

"Inna, ko sau ɗaya? Akuya ma in ka ba ta dusa takan kaɗa maka kunne."

Hajo ta dube ta. Sai ta juya fuska ga bango. Bayan kwana biyu ta cika.

Sai ranar sadakar uku ƙanwar Hajo, Delu, ta ja Kuluwa ɗaki ta gaya mata komai. Ita kaɗai Hajo ta taɓa faɗa wa, ta kuma rantsar da ita kada ta furta sai bayan ranta, don tana tsoron bayanin ma ya zama godiya.

Saboda haka in an aike ku tsinko ganye, ku tsaya inda kuke jin dakan gari. Bayan fadama ba wurin mutum ɗaya ba ne, ko da rana tsaka.

Kuluwar nan kuma kun san ta. Ita ce Kaka Kulu ta ɗakin ƙarshe, wadda kuke yi wa dariya don ko tsintsiya kuka miƙa mata sai ta yi godiya sau uku, tana kallon ƙasa. Ku daina dariyar.