Laifin Yayansa

Da faɗa suka fara. Sabuwar malamar kemistiri ta shigo ɗakin gwaji ta tarar mai kula da ɗakin ya kulle kwalbar fotasiyam a kabad, alhali ta yi wa ɗalibanta alkawarin za su ga yadda yake kamawa da wuta a ruwa. Ya ce sodiyam kaɗai zai ba ta, shi ma ɗan mitsitsi. Ta ce ba shi zai koya mata aikinta ba. Ya miƙa mata tabarau na kariya yana murmushi. Tun ranar yake kiranta Tartsatsi.

Da ta fara darasi bai tafi ba, ya tsaya bakin ƙofa yana sauraro. Ta bi layin farko na jadawalin sinadarai da tsinin biro daga sama zuwa ƙasa: litiyam, sodiyam, fotasiyam. Ta ce kowannensu ilektron ɗaya ne a zagayensa na waje, kuma neman kai yake da shi, shi ya sa duk wanda ya taɓa ruwa sai ya yi tsiya.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Tartsatsi, yau na gane abin da na daɗe da haddacewa. Gobe kabad a buɗe yake."

Ta amsa: "Riƙe abinka, Sarkin Makulli." Amma ta yi ta maimaita karatun saƙon tana dariya ita kaɗai.

Kafin hutu maganar aurensu ta kai gida. Babanta, wanda shi ma kemistiri ya koyar har ya yi ritaya, ya bincika ya gano cewa yayan saurayin ya gudu ya bar matarsa da yara biyu, ko waiwaye. Nan take ya ce a'a, ya kuma kawo zancen wani likita, ɗan abokinsa.

"Gida ɗaya, hali ɗaya," in ji shi. "Wanda ya ga sodiyam a ruwa ba sai ya gwada fotasiyam ba."

Ranta ya ɓaci. "Baba, kai ka koya min. Ba layin ne ya ba su hali ba. Sai da aka duba su aka ga abu ɗaya, sannan aka jera su tare. Shi wa ya duba shi?"

Baba ya ninke jaridarsa ya shige ɗaki.

Ana cikin wannan zaman doya da manja, sai ta hango Sarkin Makullin nata a shagon takalma, ya durƙusa yana gwada wa wata yarinya takalmi, ga mace tsaye a kansa riƙe da ƙaramin yaro. Ko tsayawa ba ta yi ba. Ta rubuta masa: "Ashe Baba ya fi ni saninka."

Amsarsa kalma biyu ce: "Har ke?"

Washegari matar nan ta yi sallama a gidansu, fuska a murtuke. Matar yayansa ce. Ta ƙi zama. Ta ce ta ji an ɗora wa ƙanen mijinta laifin da ba nasa ba, to su sani tun da mijin ya ɓace, wannan ƙanen ne ke kai yaran makaranta, shi ke kwana da su a asibiti, shi ya hana dangi su raba ta da su.

"Ni aka cuta, Baba, ba ku ba. In akwai mai ƙin jinin gidan nasu, ni ce. Ga ni kuwa na zo da ƙafata."

Baba ya ɗago ya dube ta. Cewa ya yi a gaya wa yaron ya turo manyansa.

Lallashin saurayin ne ya fi wuya. Tartsatsi ta same shi yana wanke kwalabe, ya ce maganar Baba ba ta yi masa zafi kamar tata ba. Ba ta kare kanta ba, ta naɗe hannun riga ta karɓi burushi, ta ce ya yafe mata. Sai da suka gama kwando guda ya ce ya yafe.

Ranar biki yaran biyu suka yi ta rigimar wanda zai zauna kusa da amarya, har ango ya rasa kujera. Baba ya taso ya ba shi tasa, ya dafa kafaɗarsa.

"Zauna, ɗana. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku masu yi muku yadda ka yi wa waɗannan."