Kurkur a Faifan Ƙarshe

A kasuwar alharini ta Ramanagara Nagaveni ta fara ganin Siddaraju, kuma hannunsa ta fara gani kafin fuskarsa: rawaya sosai har gwiwar hannu. Ta tambaye shi ko ango ne, don a al'adarsu kurkur ake shafa wa ango da amarya kafin biki. Ya ce a'a, ruwan kurkur yake fesa wa ganyen da tsutsotsinsa masu saƙa alharini ke ci, ciwo ba ya kama su sosai. Ta yi dariya, amma ta karɓi lambarsa.

Mahaifinta, Thimmegowda, wanda shi ma kiwon tsutsar yake yi, bai ga abin dariya ba. Ciwon da ke sa tsutsa ta yi laushi ta yi baƙi ya cinye masa zubi biyu, ga Lokesha mai shagon magani yana ta zarya da hodar feshi da maganar aure. Da Siddaraju ya zo neman aurenta, tsohon ya nuna masa faifan tsutsa na ƙarshe, wanda aka riga aka fid da rai da shi. Ya ce in waɗannan suka saƙa gidansu, a yi magana.

Sai saurayi ya yi wautar masoya. Ya shiga ɗakin tsutsa da furen yasmin a aljihu, ɗakin da ko turaren wuta ba a kunnawa kusa da shi, don ƙamshi na cutar da tsutsa. Hancin tsohon bai yi kuskure ba. Ya kore shi, ya ce kada ya sake taka gidan.

Nagaveni ta yi fushi sosai, ta ƙi ɗaukar wayarsa. Saƙo ya shigo: "Zinariyata, furen naki ne, laifin nawa ne. Kada tsutsotsin su biya."

Ta amsa: "Wawa. Yaya ake haɗa ruwan kurkur ɗin?"

"Ki jiƙa, ki tace, ki fesa, ki bar ganyen ya sha iska a inuwa. In sun ɗaga kai suna barci, ki ƙyale su."

Haka ta riƙa yi a ɓoye, sai dai kurkur ba ya riƙe sirri: hannunta ya koma rawaya. Mata a bakin famfo suka fara tambayar uwarta yaushe aka shafa wa amarya kurkur ba a gayyace su ba. Lokesha ya ji, ya ɗauke ƙafa.

Sauran faya-fayan sun yi asara kamar da. Na ƙarshen ya saƙa gida fari tas. Thimmegowda ya daɗe a kansa, sannan ya ce 'yarsa ta miƙo hannu. Ta miƙa.

"Baba, ni na yi."

"Na gani. Duk ƙauyen ma sun gani." Ya juya wajen matarsa. "Tunda ta fara shafawa da kanta, ku ƙarasa mata. Ku ce wa yaron ya zo, ya bar furen a waje."

Ranar ɗaurin aure tsohon ya zuba musu shinkafar albarka a ka, ya roƙa musu zama lafiya da ɗaki cike da faya-fayai. Furen kuwa, a gashinta aka ɗaura shi.