Hoton Da Ya Tsallake Jaririya

"Kai malam! Mayar da abin nan cikin jaka kafin in wurga maka shi ta taga!"

Tarbar da aka yi wa Mai Hoto ke nan, ko sallamarsa ba a gama amsawa ba. Filasha kawai ya ciro don ya zaro gilashin kamarar da ke ƙasan jaka, amma budurwar da ke rungume da jaririyar ba ta tsaya tambaya ba. Ƙanwar mai jego ce, Barkono ake ce mata, kuma wanda ya raɗa mata sunan bai zalunce ta ba.

"Yarinyar da idonta bai gama buɗewa ba za ka walƙa wa wuta?"

"Ranki ya daɗe, ba na haska wa jarirai filasha. A kashe ƙwan lantarkin nan, a yaye labule, hasken taga ya ishe ni."

"Bar raina inda ka gan shi. Yi abin da ya kawo ka."

Ya ɗaura ƙaramin gilashi, ya buɗe bakinsa har ƙarshe don ya sha haske sosai, ya kashe ƙarar ɗauka kada jaririya ta firgita. Ya zaunar da Barkono a gefen taga, ya rataya farin zane a ɗaya ɓangaren ya riƙa maido haske. Da ya leƙa ta cikin kamara, harara ya tarar. Maimakon ya ji tsoro, bawan Allah sai ya ji ta kwanta masa a rai.

Hotunan nan ba na ado ba ne. Mijin Yaya mai jego yana aiki a nesa, bai taɓa ganin 'yarsa ba, kullum sai ya bugo yana tambaya. Ranar da hotunan suka iso, a falo Yaya ta buɗe su a gaban Baba.

Tashin hankali! A kowane hoto idon Barkono ya fito tangaran, har gashin ido ana ƙirgawa, jaririya kuwa dishi-dishi kamar an hango ta ta cikin tururi.

"Jikata na kira shi ya ɗauka ko 'yata?" Baba ya daka tsawa. "Ɗan rainin wayo! Ya sake tako min gida ya gani."

Mai shagon waya na bakin layi, wanda ya daɗe yana zarya a kan Barkono, ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya shigo da ƙatuwar wayarsa yana cewa ai zamanin kamara ya wuce. Yana dannawa haske ya walƙa, jaririya ta tsandara ihu har ta shiɗe. Da takalmi Barkono ta raka shi bakin ƙofa. Duk da haka Baba shi yake so, wai yaro ne mai shago, an san inda ake samunsa.

Da yamma saƙon Mai Hoto ya shigo:

"Ki yi haƙuri. Kamarar tana neman ido ne ta sa saiti a kansa. Jaririya na barci, idonta a rufe, sai ta kama naki. Bakin gilashin kuma a buɗe yake sosai, abu ɗaya kawai ke fitowa. Laifin na'ura ne."

Barkono ta karanta, ranta ya ƙara ɓaci fiye da da, ita kanta ba ta san dalili ba. Ta rubuta masa:

"Au, ashe na'ura ce ta gan ni? To na'urar ta riƙa turo min saƙo. Kai kada ka sake."

Ya turo, ta share. Ya kira, ta katse. Yaya ta dube ta ta ce, "Ke wai fushin ɓata hoton kike yi, ko na an ce ba da gangan ba?"

"Yaya, ki fita harkata!"

Sai da ta gasa shi son ranta, sannan wannan saƙon ya shigo:

"Barkonona, na ɓoye rabin magana. Tun hoton farko na ga inda saitin ya tafi. Dannawa ɗaya zai gyara, hannuna ya ƙi. Na cuci yarinya, na cuci mahaifinta, ina jin kunya. Amma ina son ki, wannan kam ba na'ura ba ce."

"Maƙaryaci," ta amsa. Can ta ƙara da, "Wa ya ba ka izinin cewa Barkonona? Ka ci abinci?"

Daga nan soyayya ta kankama, rabi faɗa rabi kewa. Yana ce mata Hasken Taga, tana ce masa Mai Ɓata Aiki. Amma Baba ya kafe, har ya fara zancen iyayen mai shago su zo. Ranar Barkono ta tsaya a gabansa ido jajur.

"Baba, wanda ya sa jikarka shiɗewa ka yafe masa, wanda ya ƙi haska mata wuta ka kore shi? A bar shi ya gyara ɓarnarsa mana!"

"Ni kike ɗaga wa murya?" Ya yi huci, ya yi huci, sannan ya ce, "Ya zo. Amma ni zan riƙe ta, in ga ko idona ma zai burge kamarar."

Mai Hoto ya zo da safe, gumi har cikin takalmi. Baba ya zauna gefen taga da jaririya, fuskar nan kamar hadari. Saurayin ya kashe mai neman ido, ya rage bakin gilashi don kaka da jika su fito tare, ya ƙara wa kamara jin haske tunda ɗakin da duhu-duhu, ya sa saiti da hannunsa a kan gashin idon yarinyar. Ya durƙusa yana jira, har ta miƙa hannu ta damƙi gemun Baba.

Nan ya danna, sannan ya miƙa kamarar. Baba ya daɗe yana kallo. Ga 'yan yatsun nan cikin furfura, har faratan sun fito.

"Ashe ka iya," ya ce, murya a daƙile. "To wancan karon fa? Uwar jaririyar nan ta ce min wai laifin na'ura ne."

Ƙofar tsira ke nan a buɗe. Barkono na bayan labule tana saurare.

"Baba, laifina ne. Na gani ban gyara ba. 'Yarka nake so, da aure."

"A cikin gidana! A kan jikata! Kai ko kunya..." Baba ya miƙe zai ci gaba, jaririya ta motsa, dole ya koma ya zauna yana faɗan da raɗa. Ya yi mai isarsa har ya gaji. "Da ka ce na'ura ce, da ka fita ke nan har abada. Tashi ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure lokacin da jaririyar ke koyon zama. Da za a tafi da amarya, Barkono da ba ta taɓa rasa ta cewa ba ta durƙusa gaban Baba, baki ya ƙi buɗuwa, sai hawaye.

Baba ya dafa kanta, ya dubi ango. "Ga ta nan, da faɗanta da komai. A wurina ta gado shi, kada ka ga laifinta." Ya juya fuska ya goge ido da hannun riga. "Gidan nan zai yi min shiru. Ku je, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, kai kuma ya ƙara maka haƙuri."

Duk falon aka amsa da amin.